A bar wa yaran Damagaram filin wasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan wuri a jaridarku in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: yaran unguwanninmu na Damagaram sun rasa wurin wasa.

Ni haifaffen Zango ne, kuma na yi lakwal, wato makarantar boko, zamanin shugaba Seyni Kountché, lokacin da ƙungiyoyin matasa na samariya ke tashe. Da asuba muna makarantar allo, hantsi ya same mu gaban mushe, wato malamin lakwal, da bulalarsa. Idan aka tashi ba a zarcewa wasa, domin kowa ya san halin garinmu da ruwa. Sai ka bi layin famfo ka cika wa inna randa tukuna, in ba haka ba har fili za ta aiko a kamo ka.

Filin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Rairayi ne da ƙaya, sai wata tsamiya a gefe. Duwatsu biyu nan, biyu can, an yi raga, dutse kuma ba ya wuya a Damagaram. Ƙwallonmu na tsumma ne, a cusa cikin tsohuwar safa a ɗaure da zare tamau. Akwai wani ɗan mahauci a cikinmu da kan kawo mafitsarar bijimi, mu hura ta da baki mu ƙulle. Ranar nan shi ne sarki, shi ke zaɓen 'yan wasa, ba mai musa masa ko da ya taɓa da hannu. Babu alƙali, babu agogo. Ladan ne ke tashin wasa da kiran magariba. Ranar da za mu kara da yaran Birni kuwa, tun a aji ba mai jin abin da mushe ke faɗi.

Amma abin da na fi kewa shi ne langa a farin wata. Ka riƙe ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar, wanda ya saki ko ya faɗi ya fita. Mu kullum mafi ƙanƙanta muke sa wa ya zama ruwa, wato wanda idan ya kai wurin sha ɓangarensa ya ci, wani siririn yaro mai wayon tsiya. Ƙarti su tare masa gaba suna ture abokan hamayya, shi kuwa ya lallaɓa ta gefe, kafin a ankara ya sha. A nan na fara sanin cewa ƙato ba ya cin wasa shi kaɗai. Bayan kaka kuma sai kokawa. Tun da aka soma gasar kokawa ta ƙasa, ta cin takobi, a Tahoua a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kowane yaro sai ya ɗaura tsumma a ƙugu ya ce shi ne gwani.

Yau wannan fili shaguna ne da gidajen bulo. Tsamiyar ma an sare ta. Ba na ƙin ci gaba. Garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, ya samu jami'a a 2010 da matatar mai ta SORAZ a 2011, dole ya faɗaɗa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake yanka filaye ana sayarwa har zuwa bakin daji ba a tuna yara. Kwanan baya a ƙofar gidana na ga ɗan kabu-kabu ya taka birki da ƙyar, yaro ya biyo ƙwallo tsakiyar titi, saura ƙiris. Mutane suka yi ca a kan yaron. To ina ake so ya je? Mu ne kuma masu kukan cewa samari sun tare a fada suna shan shayi da latsa waya, wasu sun faɗa ƙungiyoyin daba.

Wani ƙanena da ya yi karatu a Indiya ya ba ni labarin Mumbai, inda ƙasa ta fi tamu tsada nesa ba kusa ba. Duk da haka sun bar fili mai suna Shivaji Park a tsakiyar gari, yara na buga kurket a kai, wato wasan dukan ƙwallo da katako, kuma a can gwanin ɗan wasansu Sachin Tendulkar ya koyi wasan kafin duniya ta san shi.

Roƙona ga hukumomi da masu unguwanni shi ne duk sabon rabon filaye a ware guda na yara, a rubuta shi a takarda yadda ba mai iya sayar da shi gobe. Makarantun da ke da haraba kuma a riƙa buɗe su bayan la'asar, iyaye su sa ido. A kuma dawo da gasar langa tsakanin makarantu, tunda ba ta bukatar takalmi ko ƙwallo. Mu da muka yi ta muna nan da ranmu, kuma a shirye muke mu zo mu koya wa yaran, mu yi musu alƙalanci kyauta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon ɗan lakwal,
Unguwar Zango, Damagaram