Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanena mai fiyanon da ya fara gardama

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar da aka gayyace ni shirin makaɗa a rediyo ka bugo waya dab da za a rufe, mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, shi ya sa na ce maka kawai "kada ka sayar tukuna", aka katse. Na san wannan ba amsa ba ce. Tambayarka kuwa ita ce: kana da Yamaha PSR-S910, maɓallai uku sun mutu, ɗaya in ka taɓa shi a hankali sai ya yi tsawa, sikirin ya fara dusashewa. Ka gyara ne, ka nemi irinsa na hannu, ko ka ci bashi ka ɗauko SX900, samfurin Yamaha na baya-baya, kamar yadda abokanka suke zuga ka? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, bari in amsa a bainar jama'a, don na san ba kai kaɗai ba ne.

Ka gyara. Abin da ka lissafa mini ba ciwon ajali ba ne, ƙura ce.

Bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin yatsunka. In aka kwance fiyanon aka ɗaga maɓallan, za ka ga roba mai taushi shimfiɗe a kan bod, wato allon hanyoyin wuta, tsiri-tsiri, kowane tsiri yana ɗauke da maɓalli 12, na ƙarshe 13, a haɗa 61. Kowane maɓalli yana da ɗigo biyu baƙaƙe a cikin robar. In ka danna, ɗigon farko ya taɓa bod, sannan na biyu ya biyo baya. Tazarar lokacin da ke tsakaninsu ita na'urar take aunawa ta gane da ƙarfi ka buga ko a hankali. To in datti ya shiga tsakanin ɗigo ɗaya da bod, lissafin ya rikice: ko dai maɓallin ya yi shiru, ko ya riƙa fita da iyakar ƙararsa ko da shafa shi ka yi. Wancan mai tsawar da ka ce, ba aljani ba ne. Fiyanon da ya fito a 2009, ya sha hunturun Arewa shekara da shekaru, ya hau bayan A Daidaita Sahu zuwa wuraren kamu da dina, ai ya yi ƙoƙari da uku kawai suka mutu.

Maganinsa auduga da sifirit mai tsabta, a goge bod ɗin da ɗigon a hankali, a bari ya bushe, a mayar da robar yadda take, don in aka juya ta baya-gaba ƙarar za ta sake rikicewa. In robar ta yage ko baƙin ya cinye, a canja tsirin. Amma ka tsaya a kan mai gyaran. Na taɓa kai nawa wurin wani mai gyaran rediyo da talabijin, na tafi sallah na dawo na tarar ya kankare ɗigon da sanfefa wai don "ya yi haske". Baƙin nan shi ne yake ɗaukar wutar. Ranar na je da maɓalli biyu matattu, na dawo da goma sha ɗaya.

Akwai alama ɗaya da za ta canja maganar. Ka duba matattun maɓallan: in a warwatse suke, ƙura ce. In kuwa ka ga suna mutuwa bisa tsari, tazara iri ɗaya tsakanin wannan da wancan tun daga ƙasa har sama, to layin waya ne ya katse ko bod ɗin ya tsage. Shi ma yana gyaruwa, sai dai yana son mai hannu. Sikirin kuma ana canja shi, in an samu. Inda kawai zan ce ka haƙura shi ne babban bod, ƙwaƙwalwar na'urar, in ya ƙone. Na tsohon fiyano wuyar samu gare shi, galibi sai dai a ciro daga wata gawar, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin kwana nawa zai yi.

Kuma abin da yake ƙona shi, mun san shi. Wani dare a wurin dina, ana cikin liƙi, mai janareto ya ƙara masa wuta saboda fitilu sun fara lumshewa. Na ji wani ɗan ƙauri, sikirin ya ɗauke. Adafta ta tafi, ta ja bod suka tafi tare. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Sitayil ɗin da na yi shekaru ina ginawa, wato kiɗan rakiya da fiyano yake bugawa da kansa, kiɗan kalangu da na kwaikwaya, na asharalle, na mandiri, duk a cikin na'urar na adana su, ban kwafe a filashi ba. Saboda haka kafin kowa ya sa sukudireba a jikin naka, ka kwashe komai a filashi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a gida. Kada ka canja sunan fayil ko wurin zamansa, don rajistireshan, wato saitin da ka adana wa kowace waƙa, da suna yake nemo sitayil, in bai gani ba sai ya bar ka a tsaye gaban amarya. Sannan ka sayi sitabilaiza, ka kuma tabbata adaftarka mai bolt 16 ce ta ainihi, ba wadda aka ɗauko daga jikin wata kwamfuta ba.

Batun neman irinsa na hannu ba zan ja shi ba. Ka sayar da tsoho da ka san cutarsa, ka sayo tsoho da ba ka san tasa ba, ina ribar?

Saura maganar hawa sama, wadda na san ita ce a ranka. Ba zan yi maka ƙarya in ce SX900 ba shi da daɗi ba. Ya fito a 2019, muryoyinsa sun fi naka cika, sikirin ɗinsa na shafawa ne mai inci 7. Amma ka tambayi kanka abu ɗaya: wane aiki ne ka rasa saboda fiyanonka ya kasa, ba don hannunka ya kasa ba? A iya sanina, abu ɗaya ne tak S910 ba zai taɓa yi maka ba: ba ya karɓar sabuwar murya daga waje. Abin da kamfani ya zuba a ciki shi ke nan. Shi ya sa muke kwaikwayon kalangu da gangar Turawa muna murza wili, ɗan gargaren da ke gefen hagu, don muryar ta lanƙwashe, kowa ya san ba ita ba ce, ana dai haƙuri. Waɗanda suka biyo baya suna da ma'ajiyar murya. S970 na 2015 yana da megabayit 512, SX700 yana da 400, SX900 gigabayit ɗaya. Da manhajar Yamaha Expansion Manager a kwamfuta, za ka iya kiran makaɗin kalangu na gaske situdiyo, ka naɗi bugunsa ɗaya bayan ɗaya, haka kotso, haka gurmi, ka jera su a kan maɓallai ka zuba a fiyano. Ranar da masu ba ka aiki suka fara cewa suna son wannan, kana kuma rasa biki a kansa, to ranar sauyi ya zama dole. A nan ma ni S970 mai lafiya ko SX700 zan nuna maka. Tun da SX920 da SX720 suka fito a 2024, masu kuɗi suna ta sakin na hannunsu.

In kuma aikinka ya fi yawa a situdiyo, to maganar ma ta mutu. Yau kiɗan a kwamfuta ake haɗa shi, da manhajar FL Studio ko Cubase, fiyano sai ya zama hannu kawai, ka jona shi da USB ka buga, muryar daga kwamfuta take fitowa. Wannan aikin S910 mai lafiyayyun maɓallai zai yi shi daidai da Genos, babban fiyanon Yamaha. Kuɗin ka kai su kan makirufo mai kyau.

Wani ya ce maka fiyanon kamfanin Korg ya fi, na ji. Pa700 da Pa1000 na'urori ne na ƙwarai, ba musu. Sai dai sitayil ɗin Yamaha ba ya buɗewa a Korg kai tsaye, za ka koma ɗan koyo da filashi cike da kayan da ba sa amsawa. In ka tsaya a gida ɗaya, tsofaffin sitayil ɗinka za su bi ka, ɗan daidaita ƙarar muryoyi kawai za ka yi. Ko a nan akwai ɗan sabo: naka wili gare shi, SX900 ɗan sanda ne ake karkatawa, hannun hagunka sai ya yi makonni kafin ya daina laluben abin da babu.

Bashi kuwa, ƙanena, ka san waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da ake biyan makaɗi a biki bai ninka uku ba, kai shaida ne. Ga azumi, ga damina, watannin da fiyano yake kwana a jaka, mai bashi kuma ba ya kwana.

In duk da haka ka tashi sayen na hannu, a Sabon Gari ne ko kasuwar Alaba ta Legas, kada ka yarda da kiɗan gwaji da mai shago zai kunna maka. Ka bi maɓallai 61 ɗin nan ɗaya-ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Ka danna kowane madanni. Ka sa filashinka ka adana abu ka sake buɗe shi. Ka bar shi a kunne awa guda ka ga ko zai ɗauke in ya ɗau zafi. Ka juya bayansa ka kalli kan kusoshin, in sun cinye, an sha buɗe shi.

Naka dai ka kawo mini shi ranar Asabar bayan la'asar, ina da ragowar tsirin roba biyu. Ka taho da adaftar da kake amfani da ita, ina son in gan ta da idona.

Wassalam,
Yayanka a sana'a