Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya kai mu hawan Dutsen Sauda

Assalamu alaikum, Malam Manaja.

Bayan gaisuwa, na fito fili ne saboda sau uku ina kiran ofishinku na Abha, kullum amsar ɗaya ce, "gobe in sha Allahu". Yau kusan wata guda ke nan.

Ni mazaunin Jidda ne. Kawuna ya zo Umara daga Kano, da ya kammala na ce sai ya ga tsaunukan Asir kafin ya koma gida. Abin da ya sa na zaɓe ku, kun rubuta cewa jagoranku na da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, kuma kuɗin ya haɗa da mota, ruwa, abincin rana da harajin kashi 15 cikin 100. Riyal 900 na biya mana mu biyu da katin banki na mada. Na nemi fatura, wato takardar shaidar biyan kuɗi, aka ce za a turo. Shiru kake ji.

Dutsen Sauda, wanda ke cikin tsaunukan Asir kusa da Abha, ya kai kimanin mita 3,000. Dattijon da ya haura shekara 60, wanda jiya-jiya ya taso daga bakin teku, dole numfashi ya yi masa wuya a can, kuma tun a waya na gaya wa ma'aikacinku haka. Amma jagoran ya yi gaba abinsa da samari, ya bar mu cikin itatuwan ar'ar hazo ya rufe hanya, Kawu na zaune kan dutse yana haki, birai na kewaya jakarmu. Wallahi na ji tsoro, don amana na ɗauko.

Bayan mun cim ma su, mun gangara rabin hanya ta ɓangaren garin Rijal Alma'a, sai ya ce motar da za ta kwashe mu a ƙasa ba ta cikin lissafi. Kowa riyal 150, kuma tsaba, babu na'urar kati. Wa zai tsaya musu a tsakiyar dutse rana ta yi sanyi? Ni ban riƙe kuɗi ba, a ƙasar nan ko shayi da kati ake saye. Katin Kawu na naira kuwa tun saukarsa bai yi aiki ba. Sai ya kwance dala 100 da ya ƙulle a lalitarsa. Kowa ya san canjin dala riyal 3.75 ne, wato 375, amma jagoranku ya karɓe ta a kan 300, ya cusa a aljihu, ko takarda bai rubuta ba.

Ina neman ku dawo da riyal 375 ɗin nan, ku turo fatura, ku kuma ba ni lambar lasisin jagoran. In mako guda ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900.

Kawu dai ya riga ya koma Kano. Da kuɗin nan ya yi niyyar saya wa jikokinsa tsaraba.

Wassalam,
Wani mazaunin Jidda