Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Hayaƙin Bolar Bayan Katanga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon yara, barkanmu da sanyi, da fatan iyalai suna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙar wannan karon kusan duk magana ɗaya ce, kuma masu rako yara da safe sun riga sun san ta, domin sun shaƙa da hancinsu: hayaƙin bolar da ke bayan katangarmu ta gabas.

Tun shigowar hunturu, da wuya gari ya waye ba a cinna wa bolar nan wuta ba. Kafin a kaɗa ƙararrawar taron safe hayaƙin ya gama cika azuzuwan 'yan nazare da aji ɗaya da aji biyu, saboda su ne a jikin katangar, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take kaɗowa. Wato mafi ƙanƙanta a cikin 'ya'yanmu su ne suka fi sha. Littafin malamar lafiya ya cika da sunayen masu tari da mura da jan ido. A makon jiya numfashin wata yarinya mai asma ya sarƙe ana tsakiyar darasi, sai da aka garzaya da ita asibiti. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Allah ya saka wa malamar lafiya da alheri, domin natsuwarta da saurinta a ranar abin yabo ne, kuma ba yau ta fara ba.

Na ji wasu na cewa ai hazo ne, kowace shekara haka ake. Hazo gaskiya ne, ba mu musa ba. Malaminmu na kimiyya, wanda ba ya gajiya da tambayoyin yara, ya shimfiɗa wa 'yan aji shida taswira ya nuna musu inda akasarin ƙurar nan take tasowa: kwarin Bodele a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, inda a da can ruwa ne ya kwanta sannan ya ƙafe. Daga Nuwamba zuwa Maris iska ke kwaso ta, ta lulluɓe mu a nan Kano har jirage su kasa sauka wani lokaci. Wani sashenta ma yana tsallake tekun Atalantika ya zama taki a dajin Amazon, abin da ya ba yaran mamaki ƙwarai. Wannan ikon Allah ne, ba mu da hannu a ciki, sai dai kariya. Wutar bola kuwa mutum ne ya ƙyasta ashana.

Ku duba abin da ke ci a cikinta: ledar fiya-wata, robobin lemo, ƙunzugun jarirai na zamani, tsofaffin silifa, batura, wani lokaci har da taya. Idan irin waɗannan suka ƙone suna fitar da guba, da wasu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da masana ke kira PM2.5, waɗanda sun fi silin gashi siranta kusan sau 30. Hanci ba ya iya tace su. Suna wucewa can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutane kusan miliyan 7 a duniya kowace shekara, kuma a 2021 ta ƙara tsaurara ma'auninta saboda an gano ko kaɗan ɗin ma yana cutarwa. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba, shi ya sa abin da ke sa babba atishawa yake kwantar da shi.

Ba yaran kaɗai ba. Darbejiyar da muka dasa a jikin katangar ganyenta ya babbake ta ɓangaren bolar, zogalen lambun makaranta ya yi baƙi da toka, ragowar da wuta ba ta cinye ba kuma tana gangarawa kwata. Da damina ita ce za ta toshe lambatu, ruwa ya shigo mana gidaje, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Sharar nan ba daga wata unguwa ake kawo ta ba. Daga gidajenmu take fitowa, kuma a cikin masu aiko yara da bokitin shara da magariba akwai waɗanda 'ya'yansu ke zaune a azuzuwan da nake magana a kai. Baba maigadi ya san fuskoki, ni ma na sani, ba zan kama suna a takarda ba. Tambayata kawai, Alhaji, Hajiya: yaya za a biya kuɗin makaranta da safe, a sayi maganin tari da yamma, alhali maganin abin yana hannunmu? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, ya kuma sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Wannan muke karantar da yaran a darasin addini, sai su leƙa taga su ga akasinsa.

Mun kai maganar gaban mai unguwa, Allah ya ja zamaninsa, ya karɓe mu da kyau. Liman ya yi alkawarin jan hankali a masallaci. Mun rubuta wa hukumar kwashe shara muna neman a turo mota. Ranar tsaftar muhalli, Asabar ta ƙarshen wata, za mu fito da shebur da baro mu tattara bolar wuri ɗaya. Iyaye maza nake son gani, ba a turo mana yara ba.

A cikin makaranta mun taƙaita taron safe, an ɗage motsa jiki a duk ranar da hazo ya yi kauri, kuma ana yayyafa ruwa kafin shara. Baba maigadi ya haƙa rami yana tara busasshen ganye don yin taki, ba wanda ya sa shi. Allah ya yi masa albarka.

Naku a gida: a sa wa yaro rigar sanyi da hula da takunkumin fuska, a shafa masa mai, a ba shi ruwan sha isasshe a gora. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa a damƙa wa malamar lafiya da sunansa a jiki. Har yanzu akwai iyayen da suke ɓoye mana wannan lalura, ban san amfanin hakan ba. Kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Kada a kunna janareta a soro ko ƙarƙashin taga, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, mutum barci yake yi ya zarce. Mai girki da itace ta sauke goyo tukuna. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko awazarsa ke shiga ciki, ko ya yi zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti za a nufa nan take, ba kantin magani ba, don lokacin sanƙarau ne.

Sauran bayanai a taƙaice. Jarrabawar ƙarshen zango tana nan yadda aka tsara. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Sanyi ba hujjar makara ba ce, ana rufe ƙofa da ƙarfe takwas. Muna taya malamar aji uku murnar ƙaruwar da ta samu, Allah ya raya. Taron iyaye da malamai ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe goma na safe, maganar bola ce farko a ajanda, kuma za a ɗauki sunan duk wanda ya halarta.

Wassalam.

Shugabar Makaranta