Wasiƙa zuwa ga Maman Ummi a kan furen wardin cikin rabin duro

Gangare, Jos
Lahadi, bayan La'asar

Zuwa ga aminiyata Maman Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ina Ummi, ina autanki sarkin rigima? Yaya zaman Kubwa, yaya zafin Abuja? Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyin da ya fara sauka, har yara sun koma wanka da ruwan zafi. Inna tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Na ji saƙonki. Kin ce in yanko miki reshen furen wardin nan ruwan hoda da kika gani a hoto, amma kina tsoron ba ki da fili, tsakar gidan naku duk siminti ne. Na fara amsa miki ta waya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na ɗauko biro.

Batun fili kada ya dame ki ko kaɗan. Kin san tsakar gidanmu, in an shimfiɗa tabarma biyu an baza shanya, shi ke nan wuri ya ƙare. Furen da ya burge ki a cikin rabin duro yake zaune, kusa da tagar ɗakina, yau shekara uku ke nan. Irin wannan wardi ba ya yaɗo, ba ya hawa katanga. A tsaye yake fita, bai cika wuce ƙirjin mutum ba, kuma kowane reshe dogo fure ɗaya yake ɗauka a kansa, babba, a dunƙule, yana buɗewa sannu a hankali daga tsakiya. Masu sayar da fulawa suna ce masa "haibirid ti". Ruwa-biyu ne, an haɗa wardin da asalinsa daga ƙasar Sin yake, wanda aka ce ƙamshinsa ya yi kama da na ganyen shayi, da wani wardin Turai mai ƙarfin jiki. Wanda ake lissafawa a matsayin na farko a irinsu sunansa La France, wani mai renon furanni da ake kira Guillot ne ya fitar da shi a birnin Liyon na Faransa a 1867. Abin da ya faranta mini rai da na ji labarin, shi ma ruwan hoda ne mai ƙamshi, kamar nawa.

Sunan nawa kuwa ko wanda ya sayar mini bai riƙe ba. Da hanci na zaɓe shi. Na bi layin ledoji a bakin titi ina sunsunawa ɗaya bayan ɗaya, ja da fari da ruwan ɗorawa, wasu kyau kamar a sace amma ba ƙamshi ko na anini, sai da na zo kan wannan na tsaya cak. Kin tuna ɗan kwalbar turaren wardin da marigayiya Hajiyarmu take ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda ba ta buɗewa sai ranar Juma'a? Wallahi shi na ji. Ban ma yi ciniki ba. Har yau in na buɗe taga bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga, ƙamshin ne yake fara shigowa ɗaki, don da safe ya fi tashi. In hantsi ya dubi ludayi sai ya lafa.

To, reshen da kika nema ba zan yanko miki ba, kuma kada ki ji haushi. Reshen irin wannan yakan kama a ƙasa wani lokaci, amma sau da yawa sai ya fito a raunane. Shi ya sa masu reno suke yi masa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo: a ɗauki idon wardi mai kyau a dasa shi a jikin wani wardi mai taurin rai, saiwa ta wannan, fure na wancan. In kin duba gindinsa za ki ga wani ƙulli kamar gwiwa, nan ne wurin auren.

Wannan ƙullin ne ya kusa sa ni kuka a shekarar farko. Wata safiya na ga wani tofo ya ɓullo daga ƙasa, ƙasa da ƙullin, kore shar, yana tsawo kamar ana jan sa. Na yi ta murna, ina ƙara masa taki, ina nuna wa maƙwabta. Wata biyu ana haka, sai na lura asalin rassan sun tsaya, furen ya ragu, shi kuwa baƙon ya fi kowa tsawo amma ko alamar fure babu. Ganyensa ma ƙanana ne, ba su da duhun na asali. Wani dattijo mai lambu a bakin kogin Dilimi ne ya ce mini, "Hajiya, ai kishiya kike ciyarwa. Wannan na saiwar ne, in kin bar shi zai kashe mai auren." Ya ce kada in sa almakashi, in tona ƙasar har inda ya tsiro in fizge shi daga tushe, don in an yanke kawai sai ya dawo da 'yan uwansa. Na fizge, ƙaya ta yage mini babban yatsa, tabon yana nan. Sati uku bayan haka mai auren ya fara sabon tofo ja-ja.

Jarrabawa ta biyu damina ce. Mutane suna cewa Jos garin fure ne, kuma gaskiya ne, muna kan tudu mai tsayin mita kusan 1,200, sanyin da ya sa dankalin Turawa da kabeji suke yi a ƙasar nan shi wardi ma yake so. Amma kin san Yuli da Agustanmu, yayyafi ya wuni ya kwana, hazo ya rufe duwatsun Shere, wanki ya yi kwana uku bai bushe ba. A lokacin ne wata cuta take kama ganyen: baƙaƙen ɗigo-ɗigo, sai ganyen ya yi rawaya ya zube, daga ƙasa tana hawa sama. Naman gwari ne, wato wani irin fumfuna, kuma ba ya kamawa sai ganye ya daɗe a jiƙe, kamar awa bakwai, fallatsin ruwa kuma shi yake ɗaukar sa daga wannan ganye zuwa wancan. A daminar farko nawa ya koma tsinke zalla. Yanzu da ruwa ya kankama sai mu ja duron zuwa ƙarƙashin bakin kwano, inda hasken safe yake samun sa amma ruwan sama ba ya dukan sa. Kullum ina tsince ganyen da ya kamu, har wanda ya faɗi, in kai murhu. In abin ya yi tsanani nakan fesa mankozeb, maganin da manoman dankali suke fesawa, hannu da hanci a rufe, yara kuma a ɗaki. Ban-ruwa a gindi nake yi, da safe, ba na watsa wa ganye.

Ke a Abuja abokin gabarki zafi ne, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kada ki sa shi a duron ƙarfe kamar nawa, rana za ta gasa saiwar. Nemi babbar roba ko tukunyar ƙasa mai zurfin kamu biyu ko fiye, ki huhhuda gindin sosai, ki ɗora a kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ƙasa baƙa kashi biyu, kashin shanu wanda ya ruɓe sarai kashi ɗaya, da ɗan yashi mai tsakuwa. Ɗanyen kashin kaji ƙona shi zai yi. Ki ajiye shi inda zai fuskanci gabas, ya sha rana tun fitowarta har zuwa Azahar, wajen awa shida, daga nan inuwar katanga ta rufe shi. Ki baza ɓuntun shinkafa a saman ƙasar don ta riƙe laima. Da zafi furen zai ƙanƙance, launin ya koɗe, kada ki ɗauka ciwo ne, da damina ta sauka zai dawo hayyacinsa. In kin ga ƙananan ƙwari kore sun taru a kan tofo, ruwan sabulu kaɗan ko jiƙon ganyen dogon yaro da yamma ya ishe su.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne aski. Tun da mu ba mu da hunturun da zai sa shi barci irin na Turai, almakashi ne yake gaya masa lokacin hutu da lokacin tashi. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba nake rage rassan kamar rabi, in cire busassu da waɗanda suka gitta ta ciki, in yanka a karkace ɗan sama da idon da yake kallon waje. Sai taki, sai ruwa. Daga aski zuwa fure sati shida ne ko bakwai. Bara da aka sa ranar saukar karatun Nana, sai na ƙirga kwana 45 baya na yi askin. Ranar walima fure tara ne a buɗe. Na yanke biyar da sassafe na sa a kofin tangaran a ɗakin baƙi, Gwaggo ta shigo tana tambayar wane turare na kunna.

Na riga na yi wa dattijon nan magana, ya ɗauki ido biyu daga jikin nawa ya yi musu aure. Ya ce a ba su wata uku su yi ƙwari. Da sun isa tafiya zan ba Yaya ya taho miki da ɗaya in zai shigo Abuja, ɗayan in ajiye ko da na farkon ya ƙi. Kafin nan ki nemi tukunyar, ki fara ruɓar da takin tun yanzu, ki kuma tsaya da safe ki duba mini wace kusurwa ce rana take fara taɓawa a gidan.

Ki gaida Baban Ummi da kyau. Ki ce wa Ummi furen farko nata ne, amma ta yi hankali da ƙaya. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Ni ce ƙawarki,
Maman Nana