Gatarin Baba da itacen jego

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa daga Maraɗi. Yaya zafin Kwatano? Wata biyar ba waya ba takarda, ko teku ta tafi da kai? To albishirinka: uwargida ta sauka lafiya daren Laraba, an samu mace. Hancin kakarta ta ɗauko sak, sai haƙuri.

Ka san abin da ke biye da haihuwa, wankan jego safe da yamma har kwana 40. Surukata ta iso daga Tibiri da ƙatuwar tukunyarta, ta ce ita ruwan da gas ya dafa ba ya ratsa ƙashi. Dole na sayi amalanke guda na itacen Baban Rafi. Sabara da geza ba su da gardama, amma an cusa mini guma-guman kirya uku a ƙasa, masu taurin kai irin naka.

Na zaro gatarin marigayi Baba daga bayan rumbu, wanda ya kusa raba ka da babban yatsa muna yara. Ya dakushe, ko kabewa ba zai fasa ba. Don gaggawa na kai wa wani yaro mai injin wasa wuƙaƙe. Tartsatsi na tashi ina jin daɗi, ashe ɓarna ake yi. Bakin ya yi shuɗi, ya yi siriri kamar aska. Sara uku a kan kirya ya lanƙwashe.

Tsohon maƙerin nan na bayan kasuwa, yana nan da ransa, ya juya shi ya ce, "Ɗana, aski za ka yi ko faskare?" Wai zafin inji ya kashe taurin ƙarfen, kuma gatarin faskare bakinsa da kauri ake so, don ya buɗa itace, kada ya nutse ya maƙale. Ya sa shi wuta har ya yi ja, ya daddake, ya tsoma a ruwa. Ƙotar ma ya sake ta da ta aduwa. Washi kuwa ya ce dutse da ruwa, gefe da gefe daidai, ba sauri.

Yanzu kullum bayan asuba ina tsugune ina goga shi a dutsen ƙofar gida. Na koyi bin tsagar gungume, in kauce wa gaɓa. Ƙananan na hura wuta da adda nake tsaga su, ina buga bayanta da wani icen, yatsuna can nesa. Tafin hannu duk ya yi kanta, amma jiya kirya ta biyu ta dare gida biyu, har surukata ta yi guɗa.

Af, abokin dararmu mai shayi ya ƙara aure, amaryar 'yar Madarunfa ce, tun ranar bai leƙo fada ba. Suna ranar Laraba. In ba ka zuwa, aiko da atamfa, ta kirki, ba irin ta bara ba.

Naka har kullum.