Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan waɗanda aka cire wa saifa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Daga Unguwar Rogo a Jos nake rubuto maka. Bara ƙanena ya yi hatsarin mota a Hawan Kibo, saifarsa ta fashe, cikin dare likitoci suka cire ta. Sun ceci ransa, Allah ya saka musu. Ranar sallama aka miƙo mana takardar magani, aka faɗa mana ranar cire zare, shi ke nan.

Bayan wata bakwai zazzaɓi ya rufe shi da yamma. Muka yi abin da kowa ke yi, aka aiki yaro kemis. Kafin asuba yana ta makyarkyata, ko mahaifiyarmu bai gane ba. Likitar da ta karɓe shi ta ɗaga rigarsa, ta ga tabon ɗinki ya sauko har ƙasan cibiya, ta juyo ta ce, "An yi masa rigakafi bayan aikin?" Muka tsaya kallon juna.

Kai likita ne, ka fi ni sani. Saifa ce ke tace jini, tana kama ƙwayoyin cutar da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau. Wanda ya rasa ta, zazzaɓin da wani zai kwana da shi ya tashi garau, shi yana iya kai shi kushewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Maleriya ma ta fi yi masa mugun kamu. Shi ya sa ake yin alluran rigakafin ciwon huhu da sanƙarau mako 2 kafin aikin cire saifa, in kuwa na gaggawa ne, mako 2 bayansa.

A hannunka, a 2024, Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da allurar sanƙarau ta Men5CV. Ta ciwon huhu kuwa tun 2014 aka fara yi wa jarirai. To baligin da aka cire wa saifa fa, wa ke nemansa?

Roƙona, ranka ya daɗe, ka umarci asibitoci kada su sallami irin ƙanena sai an rubuta masa ranar da zai dawo a yi masa alluran kyauta, an yi masa bayanin maganin penisilin, an kuma ba shi kati na aljihu, da Hausa da Turanci, mai cewa ba shi da saifa, in ya zo da zazzaɓi kada a sa shi layi.

Ƙanena ya tashi, bayan kwana 12 a gadon asibiti. Katinsa ni na rubuta masa da biro a bayan kwalin magani.

Naka,
Wani mazaunin Unguwar Rogo, Jos