Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta 'Yan Wasan Scrabble

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi, maza da mata.

A madadin shugaba da kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a shekarar da muke bankwana da ita. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai gabatar da shi a babban taro.

Babban sauyin bana shi ne yawancin wasanninmu sun koma intanet. Aiki da karatu da aure ne suka warwatsa mu: wani yana Legas, wani Abuja, wani kuma bautar ƙasa ta jefa shi kudu. Allon da muke shimfiɗawa bayan La'asar ya fara rasa mazauna. Yanzu kowane daren Asabar bayan Isha'i ana haɗuwa ta waya, kuma mutanen da muka cire rai da su sun dawo. Abin da ya fi faranta wa kwamiti rai shi ne shigowar 'yan'uwanmu mata, musamman matan aure da fita wurin wasa ke yi musu wuya. Wasunsu sun ba tsofaffin hannu kashi, kuma kowa ya shaida.

Da farko kowa da inda yake bugawa. Wasu na manhajar Words With Friends, wasu ta Scrabble GO. Bayan doguwar muhawara kwamiti ya tsayar da shafin Woogles don wasannin gasa, domin kyauta ne, akwai agogo, akwai Collins, wato jerin kalmomin Turanci da aka yarda a buga, wanda ake amfani da shi a gasannin Najeriya, sannan mutum na iya komawa ya duba wasansa bayan an tashi. Ba mu hana kowa Words With Friends ba, amma a sani wasa ne daban. Gidajen ninka maki ba wuri ɗaya suke ba, darajar haruffa ta bambanta, kuma wanda ya zubar da haruffansa bakwai gaba ɗaya maki 35 yake samu a can, a Scrabble kuwa 50. Mafi muni, manhajar ba ta karɓar kalmar da babu ita, sai mutum ya yi ta gwadawa har ya dace. Wanda ya saba da haka, ranar da ya zauna gaban allo na gaske aka ƙalubalanci kalmarsa, zai kwashe haruffansa ya rasa bugu.

Wajen horo, mun mayar da hankali kan kalmomi masu harafi biyu, waɗanda sun haura 120 a Collins. Sababbin shiga sukan raina su. Sai ranar da Q ta maƙale wa mutum babu U, ya ga abokin karawarsa ya ajiye QI a gidan ninki ya kwashe maki ta fuska biyu. Mun kuma koyar da lissafin haruffan da suka rage a jakar da ake ɗibar haruffa: ƙwaya 100 ce gaba ɗaya, biyu daga ciki farare marasa harafi, kuma wanda ke bin sawun abin da ya fita ya san abin da ke hannun abokinsa idan jaka ta ƙare. Muna tunatar da matasanmu cewa ɗan ƙasar nan, Wellington Jighere, shi ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi, bayan ya doke Lewis Mackay na Ingila a wasan ƙarshe. Abin da aka san 'yan Najeriya da shi shi ne gajerun kalmomi da toshe wa abokin karawa hanya, kuma wannan salon muke koyarwa.

Yanzu ga batun da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A gaban allo kowa na ganin hannun kowa. A waya kuwa babu mai ganinka sai Allah, ga shafukan da za ka zuba musu haruffanka su fitar maka da kalma mafi tsoka cikin daƙiƙa. An kawo wa kwamiti ƙorafi fiye da sau ɗaya a bana. Ba mu ambaci sunan kowa a zauren WhatsApp ba, kuma ba za mu yi ba, domin zargi ba hujja ba ne, kuma mutum na iya haddace kalmomi a ɓoye ya ba mutane mamaki. An kira waɗanda abin ya shafa a keɓe. Akwai wanda ya amsa, ya nemi afuwa, aka soke sakamakonsa na zagayen, kuma yana nan cikinmu da mutuncinsa. Daga nan muka sa doka cewa daga wasan kusa da na ƙarshe, kowane ɗan wasa zai kunna bidiyo a wata waya. 'Yan'uwa mata sun nuna rashin jin daɗi, kuma sun yi gaskiya, sai aka gyara: kyamara ta haska hannu da fuskar na'ura kawai. Duk da haka kwamiti ya sani doka ba ta tsare abin da amana ba ta tsare ba. Wanda ya ci wasa da kalmar da na'ura ta ba shi, abokinsa na shekaru ya cuta, kuma idan zargi ya yi yawa mutane za su sulale ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun ce uffan ba. Wannan muke tsoro fiye da komai.

Ɗaukewar wuta da yankewar sabis ma sun jawo ƙananan saɓani. Matsayarmu: idan sabis ya yanke kafin a yi nisa, a sake wasan, idan an yi nisa, alƙalin gasa ya duba. Ba a fara wasa dab da lokacin salla, kuma da azumi an mayar da haɗuwa bayan tarawihi.

Gwajin wasa da Hausa bai wuce allon katako ba, tunda manhajojin da muke bugawa a kansu babu Hausa. Kafinta ya yanka mana ƙwayoyi, muka cire P da Q da V da X, muka sa Ɓ da Ɗ da Ƙ da 'Y, muka ƙara yawan A sosai. An ji daɗinsa ƙwarai, har dattawan da ba su taɓa kula mu ba suka matso. Sai dai gardama ta yi yawa. Shin SH da TS ƙwaya ɗaya ce ko biyu? Basakkwace ya ajiye kalmar garinsu, Bakano ya ce bai san ta ba. Mun ɗauki Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a matsayin alƙali, amma ƙamus ba ya jera kowace siffar aikatau, don haka aikin tattara jerin kalmomi yana gabanmu. Muna roƙon malaman Hausa da ke cikinmu su karɓi ragamarsa.

Ziyarar makarantun sakandare da muka yi alkawari bara ba ta samu ba, saboda ƙarancin alluna. An mayar da ita shekara mai zuwa.

A babban taro za a kaɗa ƙuri'a kan ware wani kaso na kuɗin wata don saya wa ɗalibanmu data, da kuma shawarar a riƙa buga wasan ƙarshe ido da ido bayan Babbar Salla, lokacin da yawancinmu ke gida. Wanda ba zai samu halarta ba ya turo ra'ayinsa ga sakatare kafin ranar.

Allah Ya bar zumunci.

Sakataren ƙungiya